Na'urar ɗiga wa cen mai: sai da na sauya mata wuri sau biyu

Babur ɗina ba irin Boxer ba ne mai rufaffen cen, nawa cen ɗinsa a fili yake, kuma kusan duk mako ina hanyar Kano zuwa Katsina. Da hunturu ya shigo, kwana uku kacal cen ya bushe ya fara ƙara kamar tsohon keken ɗinki. In ka shafa giris kuwa, ƙura ta manne ta zama dagwalo mai cin haƙoran sufuroket, wato faifan ƙarfen da cen ke hawa. Wannan ne ya sa na roƙi wani ɗan'uwa ya taho mini da Scottoiler, na'urar da ake ƙerawa a Sukotlan, wadda ke ɗiga wa cen mai da kanta muddin injin na aiki.

Aikinta ba wani siddabaru ba ne. 'Yar kwalba ce mai cin mililita 50, da siririn tiyo da ake haɗawa da wurin da injin ke zuƙar iska. Da ka tayar da babur, zuƙar nan ta buɗe bakin kwalbar, mai ya gangaro ta wani tiyon zuwa baya. Ka kashe, ta rufe. Ba famfo a ciki, gangarowa kawai man yake yi, don haka dole kwalbar ta fi bakin tiyon tudu.

Kuskuren farko nawa ne. Na ɗaure kwalbar a gefen da salansa take saboda nan ne hannu ke kaiwa da sauƙi. Kafin in isa Bici zafi ya tsinka man ya koma kamar ruwa, rabin kwalba ya ƙare, gefen tayar baya duk ya jiƙe. Mai a jikin taya kuwa ba abin wasa ba ne, musamman a kwana. Na mayar da ita ƙarƙashin sit, nesa da zafi, kanta a sama, inda nake iya ganin yawan man in kuma murɗa saitin yawan ɗigon ba tare da kwance komai ba.

Na biyun shi ne ya fi ba ni wahala, wato bakin tiyon. Bakaniken unguwarmu ya ce, "Oga, a bisa cen za a sa mana, ai nan ake son man." Hankali ya ɗauka, na yarda. Ashe in ɗigon ya sauka a bayan cen yana gudu, watsar da shi yake yi kafin ya shiga ciki. Wandona da lambar babur su suka sha man, cen kuwa yana nan a bushe.

Inda ya dace shi ne jikin sufuroket na baya, ta ƙasa, dab da inda cen ke hawa haƙora. In ka tsuguna a gefen hagu ka ɗauki sufuroket ɗin kamar fuskar agogo, wajen ƙarfe 7 ke nan. Bakin tiyon ya ɗan taɓa fuskar ƙarfen kaɗan, kada ya danne, kuma ya kauce wa notika da ramuka. A nan juyawar sufuroket ita ke tura man waje ya shige cikin cen. Tun da na gyara haka, rola-rolan cen ɗin kullum da ɗan danshi, ƙurar ma ba ta samun zama, tana fita tare da tsohon man.

Saitin da ake farawa da shi ɗigo ɗaya ne a minti guda, amma a zafin Afrilu sai na rage. Cikin man da kamfanin Scottoiler ke yi akwai shuɗi na sanyi da ja na zafi. Jan ne namu, kada wanda zai aiko maka ya yi kuskure.

Tana da tsada in aka kwatanta da gwangwanin giris, kuma mai Boxer da murfin cen ɗinsa ke nan lafiya ba ya bukatarta. Ni dai ta rage mini tsuguno da yawan ɗaure cen. Abu ɗaya da har yanzu nake mantawa: duk lokacin da aka ja taya baya don ɗaure cen, sufuroket ya matsa, bakin tiyon ya bar wurinsa. Makon jiya sai da na kai Kankiya na lura yana ɗiga a kan kwalta.