Sharhi: asabari a bayan taga, bayan bazara da damina

Asabarin da na rataya a bayan tagogi biyu masu kallon yamma ya ci bazara ɗaya da damina ɗaya, kuma a wajen rage zafin ɗaki ya fi labule mai kauri nesa ba kusa ba. Labule a ciki yake, kafin rana ta iso shi ta riga ta ratsa gilashi, zafin ya shige ɗaki. Shi kuwa asabari tun daga waje yake tare ta. Daga ƙarfe 2 zuwa 5 na yamma, lokacin da gilashi ke ƙuna a Afrilu, yanzu ana iya ɗora hannu a kansa, na'urar sanyaya ɗaki tana samun hutu, katin mita yana ɗan ƙara kwana. Haske kuma yana shigowa ta tsakanin tsinkayen, ana karatu da rana ba a kunna ƙwai ba. Baƙar ledar da ake liƙa wa gilashi duhunta ɗaki take yi, in ta tsufa kuma ta yi ƙuraje ta ɓare.

Wajen ratayawa ake yawan kuskure. A sayi wanda ya zarce faɗin taga da santimita 20 ta kowane gefe, domin ranar la'asar a karkace take zuwa, ta gefe take leƙowa. A kafa katako a saman taga, a bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin asabari da bango. In aka manna shi da gilashi iska ba ta zagayawa, zafin da ya ɗauka sai ya koma ciki. Kusurwoyin ƙasa biyu a ɗaure su da ƙugiya, in ba haka ba iskar hadarin farko za ta yi ta buga shi da bango har zaren ya tsinke.

Aibinsa ruwa. Wanda aka naɗe da danshi yakan yi baƙi ya fara ruɓewa, don haka a bar shi ya bushe tukuna. Ƙasansa kada ya taɓa ƙasa saboda gara, da hunturu kuma ƙura ce sai ana kakkaɓewa.

Tagar kudu ba ta buƙatarsa sosai, ƴar rumfa a samanta ta isa, tunda rana a sama take bi da tsakar rana. Ta gabas da ta yamma ne rumfa ba ta iya musu.