Agogo, ɗamarar ƙirji ko gwajin asibiti: wanne mai ciwon zuciya zai fara biya kafin ya soma gudu?

Ka sayi agogon motsa jiki, Garmin ko Huawei, abin da zai fara tambayarka shi ne shekarunka. Yawancinsu sai su cire shekarun daga 220, su ce ga iyakar bugun zuciyarka a minti ɗaya. Ɗan shekara 60 zai ga 160. Lissafin wani mai bincike, Tanaka, na 2001, wanda ke cire kashi 70 cikin ɗari na shekaru daga 208, zai ba shi 166. Ko a jikin mai lafiya, lissafin kan kauce da bugu goma ko fiye. Ga mai shan bisoprolol ko atenolol kuwa, aikin banza ne, domin maganin an yi shi ne don ya hana zuciya sauri. Mutum ya yi ta haki yana bin 160 da ba zai taɓa kamowa ba.

Shi ya sa a ganina kuɗin farko na likitan zuciya ne. Gwajin da yake yi, a ɗora ka a kan injin tafiya, a manna maka wayoyin ECG, na'urar da ke auna lantarkin zuciya, a ƙirji, a ɗaura ma'aunin hawan jini a hannu. A tsarin gwajin da ake kira Bruce, wanda aka fi bi tun 1963, ana farawa da kilomita 2.7 a awa, duk minti uku a ƙara sauri da tudu. Likita na kallon daidai bugun da zuciyar ta fara nuna wahala, ƙasa da shi zai sa maka iyaka. Tambaye shi ko za ka sha maganinka a ranar. Mai na'urar ICD a ƙirji, wadda ake dasawa don ta bugi zuciya da lantarki in bugunta ya rikice, ya nemi sanin bugun da take fara bayar da lantarki, don ya tsaya nesa da shi. Shawarar da masu tsere ke ba juna, wai ka hau tudu da gudu har ƙarfinka ya ƙare ka duba agogo don sanin iyakar bugunka, ba taka ba ce.

In lambar ta samu, sai maganar na'ura. Ɗamarar ƙirji irin Polar H10 tana karanta lantarkin zuciyar kanta, ta fi daidai, kuma ta fi agogo mai kyau araha. Aibinta takura, ga shi sai an jiƙa ta da ruwa kafin ta kama. Agogon hannu da koren haske yake leƙen jini a fata. Ya fi daɗin sawa, amma yana makara in bugu ya canza, wani lokaci ma takun ƙafarka yake ƙirgawa a matsayin bugu. Wanda zuciyarsa ke bugu a hargitse, kowacce na iya ruɗa shi.

Kowacce ka zaɓa, duba ko za ta bari ka shigar da iyakar bugun da likita ya sa maka da hannunka, ta kuma yi ƙara in ka haura. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya hana ka kammala jumla, ka tsaya nan take, ko da agogo ya ce da saura.