Wata uku ina fama da buroshin rubutun ƴan Chana

Wata uku kenan da na sayi buroshin rubutu guda biyu a wani ɗan shago kusa da makarantarmu a birnin Hangzhou na ƙasar Chana, mai shagon ya ce ƙirar Huzhou ne, garin da ya yi suna wajen yin buroshi nan cikin lardin Zhejiang. Ɗaya gashin akuya ne zalla, ɗayan kuma haɗi ne, gashin akuya daga waje, a ciki gashin wata ƴar dabba mai kama da tunku, shi ya fi tauri.

Ni fa da na taso da allo da alƙalamin kara na ɗauka abin wasa ne. Ashe ba haka ba. Alƙalaminmu karkata shi ake yi, wannan kuwa a tsaye cak ake riƙe shi, kuma duk rigimar tana kan abin da suke kira zhongfeng, wato tsinin buroshin ya riƙa bin tsakiyar layin da kake ja, kar ya kwanta gefe. In ya bi tsakiya tawada na bazuwa daidai hagu da dama, layin ya fito a mulmule kamar igiya, in kuwa ya zame gefe sai ka ga ɓangare ɗaya sumul ɗayan kamar ɓera ya gaigaya. Malaminmu har ɗaga takardar yake yi saitin taga ya nuna mana inda tawadar ta fi duhu a tsakiya, wallahi ranar na sha kunya da nawa.

To a nan buroshin biyu suka bambanta. Na gashin akuyar yana shan tawada sosai amma laushi ya yi masa yawa, da ka danna ya lanƙwashe ba ya miƙewa da kansa, sai ka yi ta gyara shi a bakin mazubin tawada, gsky ba na ɗan koyo ba ne. Na haɗin kuwa ina ɗagawa tsinin ya dawo, da shi na fara kwaikwayon wani rubutun Yan Zhenqing, gwanin rubutun buroshi na zamanin daular Tang ta Chana, rubutun da aka sassaƙa a dutse a shekarar 752, layukan nan masu kauri sun fara ɗan kama hanya.

Ƙorafina ɗaya, sati na biyu gashi ya fara zuba ɗai-ɗai, kodayake da laifina, sabon buroshi yana zuwa a sandare da danƙo, ni kuma na jiƙa shi a ruwan zafi maimakon mai ɗumi-ɗumi. Mai shagon bai faɗa min ba, sai da na koma yake ta dariya.

Duk mai son farawa ya ɗauki na haɗin, matsakaici, ya haɗa da ƙyallen nan da ake rubutu da ruwa ya bushe ya goge, takarda ta huta. Na akuyar dai yana nan rataye kai ƙasa, sai hannuna ya faɗa.