Darasin yamma ga yaron da karatu ba ya zama masa: abin da na gani a wata cibiya a Tarauni

Iyaye mata da dama sun tambaye ni game da cibiyar da nake kai ɗana darasin yamma a Tarauni, wasu a wurin aiki, wasu a gidan suna. Tambayar tasu ɗaya ce: wurin ya ci kuɗin da ake karɓa? Amsata ita ce ya ci, amma ba duk abin da suke sayarwa ba. Ba zan kama sunan cibiyar ba, domin a cikin maganata akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba talla aka sa ni ba.

Yaron shekararsa 9. Yana da shekara 4 zazzaɓin cizon sauro ya hau masa ka, ya yi jijjiga, ya suma, muka kwanta a asibiti. Allah ya tashi kafaɗunsa, ya dawo yana gudu yana surutu, wanda bai sani ba ba zai ce wani abu ya taɓa samunsa ba. Sai da ya shiga firamare abin ya fito fili. A aike shi ɗaki ya ɗauko cokali ya rufo ƙofa, sai a tarar da shi tsaye a ɗakin yana wasa da labule, ya manta abin da ya kai shi. Abin da aka koya masa da safe, kafin la'asar babu shi. A boko aka ce ba ya zama wuri ɗaya, a Islamiyya wani ya kira shi daƙiƙi a gaban yara, a dangi kuwa aka ce ƙiriniya ce, zai daina. Ni malamar sakandare ce, na san yaron da ya ƙi karatu, na kuma san wanda yake so ya kasa. Nawa na biyun ne. Akwai binciken da aka yi a Uganda, aka buga a 2008, wanda ya bi yaran da suka tashi daga irin wannan zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa, ya gano kusan 1 cikin 4 na fama da raunin fahimta bayan shekara 2, kuma tattara hankali ne ya fi taɓuwa. Mu da sauro ke ci kowace damina a Kano, ya kamata a ce malaman firamarenmu sun san wannan.

Abin da ya fara sa na yarda da cibiyar shi ne ƙin karɓarsa da suka yi ranar farko. Shugabar wurin ta ce, "Hajiya, sai kin kawo mana takardar likita. A duba kunnensa, a duba idonsa, a kuma tabbatar jijjigar nan ba ta bar masa wani abu ba." Ta yi min bayani cewa yaron da ba ya ji sosai, ko wanda ba ya hango allo, kamanninsa ɗaya da wanda hankalinsa ke tashi. Akwai kuma nau'in farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro, sai dai ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo, malami ya ɗauka tunanin wasa yake. Muka je Asibitin Malam, wato Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka yi gwajin ji, aka yi na ido, aka yi na ƙwaƙwalwa wanda ake manna wa yaro wayoyi a ka. Duk suka fito lafiya, sannan suka rubuta sunansa. Wurin da kuɗi kawai yake nema ba zai mayar da mai biya gida ba. Maganar magani ma ba sa shiga, sun ce wannan hurumin likita ne.

Ɗakin darasin ya ba ni mamaki da farko, don babu komai a cikinsa. Na saba da makarantun kuɗi inda ake cika bango da hotunan dabbobi da haruffa masu launi. Nan bango fari ne fes, tebur ya juya wa taga baya, labule a sake, kuma ba a ɗora komai a kan teburin sai abin da za a yi aiki da shi a lokacin. Yara 2 ne ga malama 1, wani lokacin ma shi kaɗai. A gefen tebur akwai ɗan agogon yashi na gilashi. Antin tasu za ta kifa shi ta ce, "Har yashin nan ya ƙare, ni da kai muna kan wannan takardar." Yaron da ba ya gane ma'anar "saura kaɗan" yana ganin yashi na zuba da idonsa, ya san akwai ƙarshe. Da yashin ya ƙare sai ya tashi, ya yi tsalle, ya kai kofi wancan lungu ya dawo, a sake kifawa. Sun fara da minti 5. Ba su ƙara ba sai da ya riƙa cika biyar ɗin ba tare da an kira sunansa ba.

An bar ni na zauna a baya na kalli darasi ɗaya, kuma a nan na ga abin da nake biya. Antin ba ta ba shi umarni daga nesa. Sai ta matso, ta kira sunansa, ta jira ya ɗago ido, sannan ta ce, "Ɗauko jan murfi, ka sa a kofi." Kafin ya motsa sai ta ce, "Me na ce?" Ya maimaita da bakinsa, yana lanƙwasa yatsa ɗaya a kan "jan murfi", na biyu a kan "kofi". Sannan ya yi. Marafan kwalaben lemo ne kayan aikin, an wanke an zuba a roba. Da ya iya riƙe abu 2 sai ta ƙara na 3. Ranar da nake wurin ya ɓace a na ukun, ya tsaya da murfi a hannu yana kallon ƙasa, na ga kafaɗunsa sun ɗaga yadda yake yi idan yana jiran tsawa. Ba ta ce komai ba, sai ta ɗaga yatsunta uku ta taɓa na ƙarshen. Ya kalli nasa yatsun, leɓensa na motsi, can ya ce, "Rufe kofin!" Ta ce, "Madalla, kai ka tuno da kanka." Na lura ba ta cewa "yaron kirki" kawai, sai ta faɗi ainihin abin da ya yi daidai.

Dalilin wannan a bayyane yake. Abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda yana aiki da shi kaɗan ne ƙwarai. Masana da yawa a yau suna cewa babba mai lafiya ma bai wuce abu 4 ba. To ina ga yaron da ciwo ya taɓa? Mu kuwa a gida mukan jero wa yaro aike biyar a numfashi ɗaya daga tsakar gida, rediyo na yi, ƙannensa na kuka. Maimaitawar da suke sa shi yi da baki, da lanƙwasa yatsu, hanya ce ta fito da abin daga ka a ajiye shi inda zai gan shi. Da wannan dabarar suka koya masa lambar wayar babansa. Lamba 11 ba ta riƙuwa a dunƙule, sai suka yanka ta uku, 4 da 3 da 4, kowane yanki da ɗan kari kamar waƙa, ba a shiga na biyu sai na farko ya zauna. Yau ko daga barci aka tashe shi zai faɗe ta, kuma ga uwar da ke tsoron ɗanta ya ɓace a Kantin Kwari ko a filin Idi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai bita. Ba sa koyar da abu su wuce. Abin da aka yi Litinin za a tambaye shi Laraba, a sake tambaya mako mai zuwa, a sake bayan mako biyu, kuma tambayarsa ake yi ya nemo da kansa, ba sake karanta masa ake yi ba. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. Amma mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Haka makarantar allo take: a rubuta kaɗan, a biya, a hadda, ba a wankewa sai ya zauna, sannan a riƙa komawa baya da tilawa. Bambancin shi ne a nan an rage yawan abin zuwa daidai ƙarfin yaron, kuma babu bulala. Na ɗauki tsarin na kai wa malaminsa na Islamiyya na yanzu, mutumin kirki, ya yarda ya riƙa ba shi aya ɗaya maimakon sura. Falaƙi da Nasi da suka daɗe suna cakuɗe masa yanzu sun rabu.

Suna ba iyaye aiki, kuma duk wadda ba za ta iya ba gara ta riƙe kuɗinta. Akwai littafin da ke zuwa gida da abin da za a yi na minti 10 bayan magariba. Akwai kati mai hotuna da muka manna a bayan ƙofa: buroshi, wanka, yunifom, takalmi, jaka, yana bi ɗaya bayan ɗaya da safe ba sai na yi ta kira ba. Sun matsa min a kan barci, cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 na bukatar awa 9 zuwa 12, don a cikin barci abin da aka koya ke zama. Wannan ya sa muka hana waya da talabijin bayan isha'i, gidan gaba ɗaya, don ba ya yiwuwa a hana shi yayyensa na kallo.

Yanzu yana zama minti 15 a kan aiki ɗaya. Ana aikensa shago da abu 3 ya dawo da su, yana tafe yana ƙirga yatsu. Har yanzu yana bayan 'yan ajinsa a karatu, kuma ranar da bai yi barci sosai ba ko zazzaɓi ya taɓa shi, sai ka ce ba a taɓa koya masa komai ba. Su ma ba su taɓa ce min za su warkar da shi ba.

Inda ban yarda da su ba shi ne wasannin kwamfutar hannu. Suna da wani tsari na daban, da kuɗinsa na daban, wai wasannin horar da ƙwaƙwalwa, kuma mai karɓar kuɗi a ofis tana tallarsa da zafi fiye da yadda malaman kansu ke yi. Mun gwada zango ɗaya. Makinsa a wasan ya yi ta hawa, amma ban ga ya biyo shi aji ko gida ba. Abin da bincike ya yi ta nunawa ke nan: yaro na ƙwarewa a wasan da ya yi ta yi, amma da wuya ƙwarewar ta tsallaka zuwa karatu ko lissafi. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar irin waɗannan wasanni mai suna Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda iƙirarin da ya yi a tallarsa ba tare da isasshiyar hujja ba. Iyayen irin yaranmu a matse suke, duk abin da aka ce zai taimaka za su cire daga bakinsu su biya. Bai dace wurin da ya san aikinsa haka ya jingina da wannan ba. Na cire shi daga tsarin, ban ga ya ragu da komai ba.

Sauyin malamai ma ya dame ni. Antin da ya saba da ita ta bar aiki a tsakiyar zango ba a sanar da mu ba, yaron ya yi makonni yana ƙin shiga ɗakin. Wadda ta gaje ta ta iya aiki, amma irin waɗannan yara ba a sauya musu fuska ba shiri. Wurin jiran iyaye benci ne a baranda, a zafin Afrilu sai a hankali. Kuɗin wata ya fi na makarantarsa ta boko, ga kuɗin adaidaita daga Rijiyar Zaki sau 3 a mako, ga cunkoson yamma. Na san mata da yawa da 'ya'yansu suka fi nawa bukata, amma ko kusa ba za su iya ba. Makarantar Tudun Maliki tana nan don kurame da makafi, Jami'ar Bayero na da sashen horar da malaman ilimi na musamman, kuma dokar hana wariya ga masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce makarantun gwamnati su karɓi kowa, su kuma tanadi ma'aikacin da aka horar. Amma yaron da lalurarsa ba ta ganuwa a jiki yana zaune a bayan aji mai cunkoso, ana ce masa malalaci. Agogon yashi da marafan lemo ba su da tsada. Malamin da ya san yadda ake amfani da su ne babu.

Babban ƙorafina shi ne babu wata alaƙa tsakanin cibiyar da makarantarsa. Awa 3 yake yi da su a mako, sauran kwanakin yana hannun malamin aji wanda bai san komai game da yatsu ko yanka aiki ƙanana ba. Na roƙi shugabar ta rubuta takarda shafi ɗaya zuwa ga malamin: a zaunar da shi a gaba nesa da taga, a kira sunansa kafin a ba shi umarni, a ba shi abu biyu-biyu, a bar shi ya tashi ya goge allo idan zama ya ishe shi. Ta ce, "In sha Allahu, Hajiya, zango mai zuwa." Na biya kuɗin zangon, kuma zan ci gaba da kai shi. Idan takardar ba ta fito a makon farko ba, zan kwafo abubuwan daga littafinsa na gida da hannuna, na kai wa malamin da kaina.