Bitar na'urar RØDECaster Pro wajen saka mai kira a shirin rediyo

Kafin wayar salula ta iso Nijeriya a 2001, mai sauraro a Zariya ba ya shiga shirin rediyo sai ta wasiƙa ko katin gaisuwa, irin wanda ake aikawa shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, domin layin tarho na kamfanin NITEL gidaje ƙalilan ne suke da shi. Da salula ta wadata, ƙananan ɗakunan shiri da yawa sun ɗauki hanya mafi sauƙi, wato a buɗe lasifikar waya a kanga ta a bakin makirfo. Wannan dabara ita ce ke haifar da muryar da ke fitowa a shaƙe, da amsa-kuwwar da ke sa mai kira daga Giwa ko Soba ya riƙa jin kansa yana maimaita kansa har ya rikice.

Matsalar tsohuwa ce. Layin tarho na da yana ɗaukar muryar mai kira da ta mai gabatarwa a kan zare biyu kacal, saboda haka sai an sami na'urar da za ta raba su kafin a watsa. A tsakiyar shekarun 1980 injiniya Steve Church na kamfanin Telos a Amurka ya fito da wadda ke yin wannan rabo ta hanyar lissafin kwamfuta, kuma ta zama abin koyi a gidajen rediyo. Sai dai an ƙera irin waɗannan na'urori ne domin layin ƙasa, wanda a yau da wuya a same shi yana aiki a Sabon Gari ko Samaru.

A nan ne RØDECaster Pro, wadda kamfanin Rode na ƙasar Ostareliya ya fitar a 2018, take da amfani a wurinmu. Tana da kafar makirfo huɗu, tana ɗaukar shiri a kan katin ajiya, sannan ana haɗa ta da wayar hannu ta Bluetooth ko ta igiya. Abin da ya fi burge ni shi ne, da kanta take cire muryar mai kira daga sautin da take mayar masa, ta yadda zai ji mai gabatarwa da baƙinsa amma ba zai ji kansa ba. A tsohon teburin haɗa sauti, wannan aiki sai injiniya ya zauna ya tsara shi, kuma kuskuren maɓalli guda ya isa ya ɓata shiri. Wayar tana da nata maɓallin ƙara, don haka idan dattijo ya kira yana magana ƙasa-ƙasa, ɗan turawa sama kaɗan ya wadatar. A ganina igiya ta fi Bluetooth kwanciyar hankali a shirin kai-tsaye. Kiran WhatsApp kuma ya fi kiran layi daɗin saurare idan intanet na da ƙarfi, domin tsohon tsarin kira yana yanke siraran sautukan murya, wato waɗanda kaɗawarsu ta haura sau 3,400 a daƙiƙa.

To amma mai saye ya san cewa an yi ta ne domin masu shirin sauti na intanet, ba domin gidan rediyo mai cunkoson masu kira ba. Ba ta jera kira a layi. Mafi muhimmanci, ba ta jinkirta sauti na 'yan daƙiƙoƙi kamar yadda manyan tashoshi ke yi domin a datse zagi ko ƙazafi kafin ya fita, alhali kuwa tashar ce hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin za ta tuhuma, ba wanda ya kira ba. A lokacin siyasa wannan giɓi ba ƙarami ba ne. Ba ta da batir a cikinta, saboda haka sai an tanadi inbata ko sola. Haka kuma ba za ta hana mai gabatarwa cewa "Malam, don Allah rage ƙarar rediyonka" ba, tun da kukan da ƙarar rediyon ke haifarwa daga ɗakin mai kiran yake tasowa.

Ga ɗaliban aikin jarida, da makarantar da ke watsa karatu tare da amsa tambayoyi, da ƙaramar tashar da ke karɓar kira ɗaya bayan ɗaya, ina ganin ta cancanci kuɗinta. Tashar da ke shirin muhawara kuwa, sai ta haɗa ta da na'urar jinkirta sauti, ta kuma ajiye mutum guda da waya ta biyu domin tantance masu kira.