Kwana shida a Siri Lanka da motar haya da direba: inda kuɗi ya biya, da inda lokaci ya salwanta

Kamfanonin yawon buɗe ido a Siri Lanka kusan haja ɗaya suke tallata wa mai gaggawa: mota mai sanyi da direba, a ɗauke ka daga filin jirgin Bandaranaike da ke Katunayake, a zaga da kai Sigiriya, Kandi, tsaunukan ganyen shayi, Ella, gandun daji ɗaya, sannan bakin tekun kudu, a maido ka filin jirgi a rana ta shida. Irin wannan muka ɗauka, mu huɗu a ƙaramar bas. Motar da direban sun ci kuɗinsu. Jadawalin da kamfanin ya rubuto kuwa sai ka sa masa almakashi da hannunka, in ba haka ba za ka ga Siri Lanka ne ta gilashin mota.

Taswira ce ke fara yaudarar mutum. Ƙasar ba ta cika murabba'in kilomita 66,000 ba, jihar Neja kaɗai ta fi ta girma, sai ka ɗauka ko'ina nan da can ne. Amma in ka bar babbar hanya mai tolget, tafiyar ba ta wuce kilomita 35 zuwa 40 a awa. Titin hannu biyu ne kacal, ƙauye na haɗe da ƙauye, motocin bas suna tsayawa inda suka ga dama, ga a daidaita sahu da suke kira tuk-tuk, ga 'yan makaranta, ga kwana-kwanar dutse. Daga Sigiriya zuwa Kandi kimanin kilomita 90 ne, amma ka ware awa uku. Saboda haka duk takardar da aka turo maka, share kilomitocin ka rubuta awoyi a gurbinsu, sannan ka tuna rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara. Ranar da ta haura awa biyar a mota, wuri ɗaya tak za a gani da kyau.

Ranar farko ta hanya ce, kada a yi mata wani buri. Agogonsu ya riga na Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi, ga gajiyar canjin jirgi a Doha ko Dubai, ga awa uku da rabi zuwa huɗu kafin a kai Sigiriya. Abin da ke shiga cikinta shi ne kogunan dutse na Dambulla, wurin ibadar mabiya addinin Buda da ke kan tudu, da la'asar: koguna biyar, da mutum-mutumin Buda fiye da 150, da zane a rufin dutse. Abu biyu ke ɓata wa mutane a nan. Na farko, a ƙasa ake sayar da tikiti, wanda ya hau ba tare da shi ba sai ya sauko. Na biyu, ana cire takalmi a bakin shiga, dutsen kuma da rana kamar kaskon tuya yake. Safa mai kauri a aljihu ta raba gardama. Kafaɗa da gwiwa a rufe, a cire hula, kuma ba a juya wa mutum-mutumin baya don ɗaukar hoto, suna ɗaukar wannan da zafi ƙwarai.

Sigiriya ita ce ta biya kuɗin tafiyar, duk da cewa tikitin baƙo ya haura dala 30. Dutse ne guda da ya miƙe kusan mita 180 daga cikin daji, wanda sarki Kashyapa ya gina fadarsa a kansa a ƙarni na 5. Matakala kusan 1,200 ce. Ana fara ratsa lambuna da tafkunan da aka gina da bulo, a bi ta tsakanin manyan duwatsu, a zo farfajiyar da ƙafafu biyu na mutum-mutumin zaki suke, kowane farce ya fi kan mutum girma, sannan a kama matakalar ƙarfe da aka kafe a jikin dutsen. A nan ne ƙafa ke rawa: tana da ƙunci, iska na kaɗawa, kana hango ƙasa ta tsakanin ƙarafuna, in wani ya tsaya numfashi duk layin ya tsaya. Wanda ya isa ƙofa da sassafe zai hau cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanda ya iso ƙarfe tara zai yi ninkin haka cikin rana da cunkoso. Akwai manyan sheƙar ƙudan zuma a jikin dutsen, da alluna masu roƙon a yi shiru, kuma ba ado ba ne, hayaniya na tayar da su. Akwai zanen mata a wani kogo a gefen dutsen, ba a ɗaukar hotonsa. Lita ɗaya da rabi na ruwa ga kowane mutum, don babu mai sayarwa a sama. Hawa da sauka da zagayawa, awa uku.

A wannan ranar ce jadawalin kamfani ya nuna haɗamarsa. Bayan Sigiriya sun jera yawon ƙauye, da kallon giwaye a gandun dajin Minneriya, da lambun kayan ƙamshi, da rawar gargajiya a Kandi da yamma, da shiga haikali bayanta. Ko da fuka-fuki ba za a yi ba. Yawon ƙauyen nan hawa amalanken shanu ne da ɗan kwale-kwale da cin abinci a bukka, wanda ya taso yana ganin amalanke ba shi da dalilin biyan dala a kansa. Minneriya kuwa tana da lokacinta: daga wajen Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ruwa ya ja baya, giwaye ke taruwa da yawa a bakin tafkin da ke wurin. In ba lokacin ba ne, a bar giwaye sai gandun dajin Udawalawe.

Lambunan kayan ƙamshi na hanyar Matale su ne babban ɓarawon lokaci. Shiga kyauta ne, a nuna maka itacen kirfa da masoro da kanumfari, a ba ka shayi, a shafa maka wani mai a hannu, sai a zarce da kai kanti inda farashi ya ninka na kasuwa sau da yawa. Direba na da la'ada a kan abin da ka saya, haka ma a kantunan duwatsu masu daraja da na sassaƙa a Kandi. Ba mugunta ba ce, wani ɓangare ne na abin da yake samu, shi ya sa kuɗin motar yake da sauƙi. Mun yi asarar kusan awa biyu a rana ɗaya kafin muka gane. Maganinsa a faɗa tun kafin a biya kafin alƙalami, a rubuce: babu tsayawa a kanti sai mun nema. Sannan a kyautata wa direba da tukuici a ƙarshe, kowa ya huta. Kirfa da ganyen shayi, babban kanti na gari ya fi araha.

Kandi rabin yini ya ishe ta. Haikalin da ake ajiye da haƙorin Buda yana bakin tafki, wurin ibadarsu ne mai cika da jama'a sanye da fararen kaya riƙe da furanni, kuma haƙorin kansa ba a ganinsa, akwatinsa kawai ake hangowa. Mai son shiga ya shiga da ladabi, wanda bai so ya zaga tafkin, ko ya tafi lambun itatuwa na Peradeniya. Cunkoson garin safe da yamma yana da ban haushi, don haka masauki a gefen gari ya fi.

Sai jirgin ƙasa, wanda saboda shi da yawa suke zuwa. Daga Kandi zuwa Ella yakan ci wajen awa bakwai, kuma ba a san shi da cika alƙawarin lokaci ba. A tafiyar kwana shida wannan yini guda ne sukutum. Dabarar da ta fi: direba ya hau da ku ta Ramboda zuwa Nuwara Eliya, awa uku, ku tsaya a masana'antar shayi ɗaya a hanya, sannan ku hau jirgi a tashar Nanu Oya. Daga nan zuwa Ella wajen awa uku ne, kuma nan ne kyan yake: gonakin shayi kamar an yi musu aski, hazo na shiga ta taga, jirgi na kutsawa ramin dutse yana fita. Direba ya wuce da jakunkuna ya jira ku a Ella. Tikitin kujera mai lamba ana buɗe sayar da shi kwana 30 kafin tafiya, kuma nan da nan yake ƙarewa. Kamfanin ya ce mana ya tanada, ashe bai saya da wuri ba, muka ƙare a taragon da ba lamba, rabin hanya a tsaye. Ka nemi hoton tikitin kafin ka bar gida. Aji na biyu mai lamba ya fi na ɗaya daɗi, don na ɗaya mai na'urar sanyi ne, tagoginsa ba sa buɗuwa. Masu leƙowa ta ƙofa don hoto suna wasa da ransu, bangon ramin dutsen dab yake da jikin jirgi. Kuma a tambaya ko layin na aiki gaba ɗaya a makon tafiya, domin ruwan sama mai ƙarfi kan jawo zaftarewar ƙasa ya rufe wani sashe.

Nuwara Eliya ta haura mita 1,800 daga saman teku. Wanda ya shirya kayan zafi kawai don ya ji an ce tsibiri ne zai sha mamaki, sanyin dare ya kai na Jos a tsakiyar hunturu, ga danshi a kai. Rigar sanyi ɗaya dole ce. Mai jin jiri a mota ya sha maganinsa rabin awa kafin a fara hawa, ya zauna gaba. Masana'antar shayi da safe ake samun injinanta na aiki, ranar Lahadi kuma sau da yawa shiru ne.

A Ella abu biyu sun isa: gadar jirgi mai baka tara ta kusa da Demodara, da ɗan tsaunin da ake hawa cikin ƙasa da awa ɗaya a hango kwarin gaba ɗaya. Tambayi masauki lokacin da jirgi zai ratsa gadar, ka isa da rabin awa a hannu.

Tsakanin gandun dajin Yala da na Udawalawe, mai gaggawa ya zaɓi Udawalawe. Yala don damisa ake zuwa, ganinta kuma sa'a ce, ga jerin motoci suna rige-rige. A Udawalawe giwa ba ta ɓuya, ga ɓauna da kada da ɗawisu, kuma tana kan hanyar gangarowa daga Ella, awa biyu da rabi. A lura: kuɗin motar shiga daji daban, kuɗin ƙofa daban, dukansu ba sa cikin kuɗin motarka. A kwana kusa da ƙofa, a shiga ƙarfe shida na safe, a fito wajen tara.

Daren ƙarshe a yi shi a Galle, da suke furtawa kamar Gol. Tsohon garin yana cikin ganuwa da 'yan Fotugal suka fara, 'yan Holan suka ƙwace a 1640 suka faɗaɗa. Da ƙafa ake zaga shi, awa biyu da yamma a kan ganuwar. Masallacin Meeran, fari tas, yana daura da hasumiyar fitilar jiragen ruwa. Daga nan babbar hanyar kudu mai tolget na kai ka filin jirgi cikin awa biyu zuwa biyu da rabi, ita ce kaɗai hanyar da lissafinta bai saɓa mana ba. Kolombo a bar ta, sai in an sami ragowar awoyi a leƙa Jan Masallaci na Jami Ul-Alfar a kasuwar Pettah.

Abinci bai zama matsala ba. Musulmi sun kai wajen kashi goma cikin ɗari na jama'a, kuma a Kandi da Galle da garuruwan kan hanya akwai gidajen abincinsu. A can ƙaramin gidan abinci ma hotel ake rubuta masa, kada ka shiga neman ɗaki. Shinkafa da miyoyi iri-iri da rana, kottu da dare, wato gurasa da aka daddatsa a kan faranti mai zafi da ƙwai ko kaza. Yajinsu ba wasa. Direba, in ba ka yi magana ba, gidan abincin baƙi zai kai ka, mai tsada da lami. Alƙibla kuwa ba gabas take ba, yamma ce ta ɗan karkata arewa. Ranar cikar wata, da suke kira Poya, hutu ce a ƙasar kowane wata, bankuna a rufe, mahauta ma haka, haikalai kuma cike.

Kafin ka biya, ka sa a rubuta maka abu huɗu da su ne ke haifar da rigima a ranar ƙarshe. Iyakar kilomita na kowace rana da kuɗin abin da ya haura. Wa ke biyan tolget da fakin. Kwanan direba da abincinsa, domin manyan masaukai na da ɗakin direbobi kyauta, ƙananan gidajen baƙi kuwa babu, sai a ɗora maka. Sannan ko direba ne kawai ko yana da lasisin jagoran baƙi daga hukumar yawon buɗe ido, don namu ya iya tuƙi da natsuwa, bai taɓa makara ba, amma a bakin ƙofar kowane wuri yake tsayawa. Kada a biya duka a farko. Layin waya na Dialog ko Mobitel ana samunsa a filin jirgi da fasfo, manhajar PickMe kuma tana raba ka da cinikin tuk-tuk a manyan garuruwa.

Wannan zagaye na kudu da tsaunuka ya fi kyau daga Disamba zuwa Maris. Daga Mayu zuwa Satumba damina ce a kudu maso yamma, teku na hauka, tsaunuka na rufe da gajimare, a lokacin gara a juya tafiyar zuwa Sigiriya da gabas, wajen Trincomalee. Mai fasfon Najeriya kada ya dogara da cewa izinin shiga na intanet da ake kira ETA zai fito masa nan take kamar na Bature, ya fara bin batun biza makonni da dama kafin ya yanki tikitin jirgi. Katin rigakafin shawara kuma ya kasance cikin fasfo, ba cikin akwatin da aka auna ba.