Sharan mai dizal ta yi sanyi: akwatin jonawa ko sauya lissafin kwamfuta?

Ɗan'uwa, ka ce Sharan ɗinka mai injin 1.9 TDI ta yi sanyi, in ka cika ta da fasinja daga Kwangila ta Zariya zuwa Kano sai ka ga ƙananan motoci suna wuce ka kamar kana tsaye. An ba ka shawara biyu: ko ka sayi ɗan akwatin nan da ake jonawa a wayoyin inji, ko a sauya maka lissafin da ke cikin kwamfutar motar. Ka kuma tambayi inda ya fi dacewa a sayi kaya. Na daɗe ina riƙe da irin motar nan, ga abin da na gani.

Kafin ka ƙara mata ƙarfi, fara nemo wanda ya ɓace. Injin nan kala-kala ne, akwai mai ƙarfin doki 90, akwai 110, 115, har 130 da 150, kuma wadda take da lafiya ba ta jin nauyin mutum bakwai. Ƙurar hunturun Zariya tana toshe matacin iska cikin 'yan makonni. Ƙaramar na'urar da ke auna iska a bayan matacin, in ta gaji, sai mota ta rasa ƙarfi ba tare da wata fitila ta kama ba. Hayaƙin da ake maidowa cikin inji yana haɗuwa da tururin baƙin mai ya zama kwalta a bututun shigar iska, na taɓa ganin wanda ramin da ya rage bai wuce a zura yatsa ba. Fikafikan cikin turbo, wato abin da ke cusa wa inji ƙarin iska, su ma baƙin hayaƙi na sa su cije, shi ya sa wani lokaci kana hawan gada sai ƙarfi ya ɗauke, in ka kashe ka sake tayarwa ya dawo. Duk wanda ya ce zai ƙara maka ƙarfi bai duba waɗannan ba, kuɗinka kawai yake so.

To in ta warke kuma har yanzu kana son ƙari, sai maganar zaɓi. Akwatin jonawa aikinsa yi wa kwamfuta ƙarya: yana sa ta ɗauka man da ke shiga bai kai ba, sai ta ƙaro. Ya fi araha, kuma ranar da ka gaji da shi ka cire, mota ta koma yadda take. Amma mai yake ƙarawa, masu arahar ba ruwansu da iska. Dizal kuwa in ya fi ƙarfin iska, baƙin hayaƙi ne da zafi, ga shi a watan Maris da Afrilu garin nan yakan doshi digiri 40. Fistin da kan silinda su ke biyan bashin. Da tsadar man nan ta yanzu, wallahi raina na ɓaci in na ga mota tana zubar da shi ta salansa.

Sauya lissafin kwamfuta ya fi tsada, sai dai yana taɓa mai da iskar turbo da lokacin feshin mai gaba ɗaya, kuma a injin dizal mai turbo ana samun ƙarin kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Ni shi zan zaɓa. Haɗarinsa yana hannun mai aikin: akwai masu sauko da lissafin wata mota daga intanet su ɗora maka. Kada ka yarda a taɓa sai an ajiye maka kwafin lissafinka na asali. Ka kuma sani tsohon kuloci zai fara sulɓewa a giya ta huɗu da ta biyar, don haka ka sa kuɗinsa a lissafi, da na birki, tunda rayukan mutane ka ɗauko.

Batun kaya, ni raba shi nake yi biyu. Duk abin da yake roba ne ko mataci, da bel ɗin taimin da nozul mai fesa mai cikin silinda, sabo ake saya. Matacin mai na jabu shi ne ke barin ruwa da datti su kai ga nozul, balle a ƙasar da ake samun dizal gauraye da kananzir. Irin waɗannan za ka samu a shagunan Sabon Gari, ribar kuwa ita ce in bai yi daidai ba ka mayar a ranar. Manyan ƙarafa kamar turbo da famfon mai da kwamfuta, na Beljiyam mai kyau ya fi sabo mara asali. Panteka a Kaduna ta fi kusa, kilomita 80 ne ko kusa da haka, Kofar Ruwa a Kano kuma kan hanyarka take kullum, kaya sun yawaita. Ladipo ta Legas ta fi su duka yawan kaya, amma saye ta waya sayen kifi a ruwa ne. Na taɓa tura kuɗin turbo wani wuri, ya iso an wanke shi fes, da bakanikena ya girgiza sandar tsakiyar sai ga ta tana rawa, wata biyu bai yi ba ya fara shan baƙin mai. Tun daga nan da bakanike nake zuwa, da tsohon abin a hannu, mu gwada lamba da lamba.

Ka duba takardar da ke manne a murfin bel ɗin taimin, akwai haruffa uku. AFN mai doki 110 ne, mai famfo guda. AUY ko ASZ kuwa kowace silinda da nata famfon, kuma baƙin mai mai lambar 505.01 suke buƙata, in ba haka ba kamshaf ya cinye. Turo min haruffan naka in faɗa maka nozul da turbo da suka dace da shi.